Fulogin Aljihun Yaya Sale

Ku da kuka san Yaya Sale, ku faɗa mini tsakani da Allah, akwai wanda ya taɓa ganin hannunsa na hagu yana yawo a waje haka kawai? Ni Ladi da muka fito ciki ɗaya, katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, a shekara goma sha ɗayan ƙarshen rayuwarsa ban ga hannun nan ba sai in zai yi alwala ko zai riƙe sifana. Kullum yana cikin aljihun 'yar shararsa, yana juya wani tsohon fulogin mota kamar mai jan carbi. Fulogi dai kun san shi, ɗan ƙarfen nan mai farin wuya da ake ɗaura wa inji, shi ke ba da tartsatsin da mai yake kamawa. To Yaya da shi yake kwana, da shi yake tashi. In zai shiga wanka ma a kwandon soso yake sa shi. Na taɓa karɓar rigarsa zan wanke, har na tsoma ta a ruwa, sai ga mutum ya faɗo mini gida ba sallama, ba takalmi, yana haki.

"Ladi, kin lalube aljihun?"

Na ce, "Na lalube, na tsinci zinare, na ɓoye."

Ko murmushi bai yi ba. Ya cusa hannu cikin kumfa ya zaro abinsa, ya goge a jikin wando, ya fice. Mutumin da ya leƙa cikin injin kowa a garin nan, nasa fulogin guda ɗaya bai taɓa bari an gani ba.

Gaisuwarsa ma kun san ta. Mutanen kirki in ka zo sai su ce ina gajiya, ya iyali. Yaya kuwa in ka tsaya da babur a ƙofar gidansa, kafin ka sauke ƙafa ya karkata kai yana sauraren inji, sai ka ji, "Kwance mu gani." Ya cire fulogin, ya ɗaga shi a hasken rana, ya karanta maka shi. In bakin ya yi baƙi da hayaƙi, to mai ya yi wa inji yawa. In ya yi fari fat, zafi ya yi yawa, inji na shan wahala. In kuwa ya ga kalar soyayyar gyaɗa, sai ka ga wani murmushi a fuskarsa wanda ko ranar sallah ba ya yin irinsa.

Ni na fi kowa shan wannan kwance mu gani, don injin markaɗena a jikin katangarsa yake. Ranar sunan jikar Mai Unguwa, mata sun jeru mini da robobin wake da tattasai, inji na ta aiki lafiya ƙalau, sai na ji murya ta kan katanga.

"Ladi, kashe! Kwance mu gani."

Na ce, "Yaya, me ya yi maka? Aikinsa yake."

"Tari yake."

"Kai ma ai tari kake, wa ya kwance ka?"

Ina! Ya zagayo, ya yi sallama, mata suka ja mayafi, ya kashe mini inji da hannunsa. Ya ce kuma ba a kwancewa da zafi, sai ya huce. Muka zauna muka zuba wa inji ido sai ka ce masu jinya. Wake ya fara ɗaukar tsami, matar Mai Unguwa ta aiko har sau biyu. Da ƙyar da jiɓin goshi ya kwance, ya ɗaga, ya juya, ya sake juyawa.

"Af! Lafiyarsa lau."

Na ce, "To don Allah me ya sa ka kashe mini?"

Ya ce, "Ɗazu zato kike. Yanzu mun tabbatar."

Alalar sunan nan da la'asar aka ci ta, har gobe matar Mai Unguwa in ta gan ni sai ta tuna mini.

Sai lokacin da 'yata Hadiza ta isa aure. Ubanta ya rasu tana ƙarama, don haka duk saurayin da ya zo zance sai ya tsaya ya gai da Kawu. Wani yaro ya zo daga Minjibir da babur sabo dal, ga agogo, ga turare. Ya durƙusa yana gaisuwa, Yaya bai ma kalle shi ba, babur yake kallo. Kwance mu gani. Bayan yaron ya tafi ya kira ni.

"Wannan ba miji ba ne. Fuloginsa fari fat. Ya matse wa inji mai don kada ya sha. Wanda ya hana babur ɗinsa abinci, ke kina ganin zai cika wa 'yarki kwanon cefane?"

Na ce, "Yaya, babur za ta aura?"

Ya ce, "Babur ba ya iya ɓoye halin mai shi. Mutum ne ya iya."

Bayan kwana biyu Bala ya zo, wani malamin firamare daga Ɗambatta, wanda dama shi Hadiza take so. Aka kwance, aka gani, kalar soyayyar gyaɗa. Yaya ya riƙe hannun Bala yana girgizawa kamar ya ga ɗan'uwansa da ya dawo daga hajji. Ya ce, "Ladi, ba shi. In ba ki ba shi ba ni da ke ne." Aka yi biki, aka kai amarya. Sati bai zagayo ba sai ga ango ya zo gaishe mu a kan keke. Keke, jama'a! Ashe babur ɗin na hedimasta ne, aro ya yi. Ban ko tsaya ɗaura ɗankwali da kyau ba na zagaya gidan Yaya, yau dai na kama shi.

"Malam mai karatun fulogi, sai ka je ka ɗaura wa Hadiza aure da hedimasta."

Hannunsa na ta juyawa a aljihu. Can ya ce, "Malamai nawa ne masu babur a makarantar?"

"Na sani? Biyar ko shida."

"A cikin shida ya zaɓi wannan ya aro. To yaron hankali gare shi."

Yanzu 'ya'yansu huɗu. In suka yi 'yar hatsaniya Hadiza takan ce wa Bala, "Kai dai ka gode wa hedimasta."

Muna dariya, amma ku da kuke wucewa ta waje ba ku san shirun da ke cikin gidan nan ba. Ni na sani, don ni nake kai masa tuwo. Matarsa Asabe ta daɗe da rasuwa, ɗa ɗaya Allah ya ba su, Kabiru. Tare suke aiki a garejin Yaya da ke Bacirawa a Kano, uba da ɗa, har mutane na sha'awarsu. Kabiru ya iya sababbin injuna, irin motocin 'ya'yan masu kuɗi da ake ƙara wa ƙarfi don gudu. Rannan aka kawo musu wata baƙar mota mai silinda shida, wato injin da ke ɗaukar fulogi shida. Kabiru ya zaɓo mata wasu fulogai masu baki siriri kamar allura, Yaya yana ta gunaguni wai fulogin 'yan boko ne. Aka ɗaura, mai mota ya hau titin Kazaure ya taka, bai yi nisa ba inji ya buga. Da aka jawo motar, a gaban mai ita, a gaban maƙwabtan gareji, Yaya ya zazzage wa Kabiru, ya ce ya zubar masa da mutuncin shekara talatin, ya fisge sifanar hannunsa ya ce ya bar masa wuri. Kabiru magidanci ne a lokacin, da matarsa da goyo. Ya tattara iyalinsa ya tafi Fatakwal.

Ba a yi wata uku ba Yaya ya rufe gareji ya dawo gida ƙauye. Mai baƙar motar ya sallama masa ita a matsayin gawa, aka jawo ta har garinmu, ya yi mata rumfar kara a bayan rumbu, ya lulluɓe ta da tampol. Mutanen gari suka sa mata suna Amarya, tunda kullum tana lulluɓe, ba ta fita. Ya gyara injin nan tsaf, ya sauya abin sauyawa, amma ramukan fulogin nan shida sai ya toshe su da tsumma. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya cire tsummokaran, ya ɗiga baƙin mai a kowane rami, ya juya injin da sifana, ya mayar ya toshe. Kajina suka mai da ƙarƙashinta akurki. In an ce, "Malam Sale, yaushe Amarya za ta fito?" sai ya ce, "Ba a sami fulogin da ya dace da ita ba."

Na gaji da jin wannan magana, na aiki Bala Kano ya sayo guda shida masu kyau a cikin kwali. Na kai masa da murnata. Ko buɗe kwalin bai yi ba.

"Wa ya zaɓa?"

"Mai shago mana."

"Mayar."

Wani direba ma ya taɓa kawo masa wasu tsaraba daga Legas. Wa ya zaɓa? Mayar. Na ce oh ni Ladi, wannan mota sai dai a saukar mata da fulogi daga sama.

Ni kuwa ba motar ce ta dame ni ba. Abu ɗaya nake roƙon Allah, in ga Yaya da Kabiru a kan tabarma ɗaya kafin wani a cikinmu ya cika. In na ce, "Yaya, ka kira yaron nan," sai ya ce, "Shi ya tafi, ya san hanya." Kabiru kuma duk sallah sai ya bugo mini waya. Ya tambayi Hadiza, ya tambayi yara, ya tambayi awakina ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, sannan ya ce, "Gwaggo, ya sauran mutanen gidan?" In ce suna lafiya, ko in kai masa wayar? Ya ce a'a, katinsa ya kusa ƙarewa. Taurin kan nan gado ne, daga Babanmu suka kwaso shi, ni kaɗai Allah ya tsare.

Sunan Yaya dai bai ɓace a birni ba. Samari masu motocin gudu sukan biyo shi har ƙauye, motoci ƙasa-ƙasa da su, cikinsu na gogar hanyarmu, suna tafiya kamar masu taka ƙaya. Akwai wani Faisal, ɗan wani Alhaji, ya zo da abokansa biyu da baƙin tabarau. Ya ce motarsa in ta ɗauki gudu sai ta riƙa shaƙewa, ga fulogai kwali uku ya kawo a zaɓa masa. Yaya ya ce a kashe inji, sai ya huce, in an kwance da zafi zaren da ake murɗa fulogin a kansa zai lalace. Faisal ya ce minti nawa? Yaya ya ɗaga murya ta kan katanga.

"Ladi! Miƙo farantin gyaɗa, an yi baƙi."

Suka ɗauka ci za su yi. Ashe ɓarewa za su yi. Ga 'ya'yan Alhazai a kan tabarma, sun tura tabarau saman goshi, suna ta ɓarar gyaɗa, shi kuma yana ba su karatu. Karatun nan har na haddace shi don yawan ji.

"Fulogi iri biyu ne, akwai mai riƙe zafi, akwai mai sakin zafi da wuri. Motar da ke rarrafe a cikin gari mai zafi take so, don ya ƙone dattin bakinsa. Irin taku kuwa da aka ƙara wa ƙarfi, kuna taka ta kamar za ku tashi sama, cikinta wuta ce. In ka sa mata mai zafi, bakinsa zai yi jawur, ya kunna mai tun lokaci bai yi ba, ya huda maka fistin, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin inji. Mai sanyi take so. Kada kuma ka zarce, in sanyin ya yi yawa sai ya yi baƙi ya daina ba da wuta. Ka duba lambar jikinsa, ka duba tsawon zare, ka ɗan matse bakin. Sannan duka su zama iri ɗaya. Iri ɗaya! Ko guda ɗaya ka sauya ka kashe inji."

In ya zo kan iri ɗayan nan sai muryarsa ta tashi, hannun aljihu ya riƙa juyawa da sauri. Faisal ya tofa albarkacin bakinsa, ya ce, "Baba, ai fulogi fulogi ne, in dai zaren ya shiga."

Yaya ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Na san wani jaki da ya taɓa faɗin haka."

Suka kwashe da dariya. "Yana ina yanzu, Baba?"

"Yana nan zaune shi kaɗai. Ladi, ƙaro gyaɗa!"

Ni ma dariya na yi a bayan katanga, ban san wa yake nufi ba. Ya zaɓa musu kwali ɗaya, ya sa suka hau titin Ɗambatta suka taka suka dawo, aka sake jiran inji ya huce, aka sake ɓarar gyaɗa, aka kwance aka gani. Faisal ya zaro kuɗi, Yaya ya ce ya mayar aljihu. Har sun shiga mota sai ya leƙa ta taga, ya rage murya. "Ku da kuke yawo, kuna zuwa Fatakwal kuwa?" Suka ce a'a Baba, akwai saƙo ne? Ya ce, "Babu. Allah ya kiyaye hanya." Duk wanda ya zo sai ya yi masa wannan tambaya. Ni dai kakar nan ban ɓare gyaɗa da hannuna ba.

Bara bayan an gama yankan dawa ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Muka kai shi asibiti a Ɗambatta, ya yi kwana shida ya ce shi gida zai koma, injin jannaretonsu yana tari kuma sun hana shi kwancewa. Ya dawo ya rame, 'yar shara tana yawo a jikinsa. Ranar wata Litinin da hantsi ya ce in shimfiɗa masa tabarma a rumfar Amarya. Na shimfiɗa, na kori kaji, na zauna a gefe ina tsince wake. Sai na ga ya zaro hannun hagu daga aljihu, ya buɗe tafin a gabana.

"Ladi, karanta."

Shekara goma sha ɗaya ina son ganin abin nan, sai yau ga shi a gabana. Hannu ya goge jikinsa har yana ƙyalli, amma bakin ya narke, ya yi fari da ƙuraje, 'yar ƙugiyar nan ta kansa ta cinye.

Na ce, "Wannan ai ya ƙone. Zafi ya yi masa yawa."

Ya ce, "Kin iya karatu. Daga cikin Amarya ya fito. Nawa ne, ba na Kabiru ba."

Sai ya ba ni labari, yana yi yana hutawa. Ranar da za a ɗaura fulogan, Kabiru ya fita sayen wani abu, Yaya ya ɗauki guda yana dubawa yana taɓe baki, sai ya suɓuce masa ya faɗi a siminti, farin wuyan ya tsage. Kunya ta hana shi faɗa. Ya buɗe gwangwanin madarar da yake tara tsofaffin fulogai, ya ɗauko wani da zarensa ya yi daidai, ya ɗaura a rami na huɗu, ya rufe. A ganinsa nasa ma ya fi inganci. Da inji ya buga, har cikin ransa ya yarda na Kabiru ne suka jawo. Sati guda da tafiyar Kabiru ya buɗe injin. Biyar lafiyarsu lau, kalar soyayyar gyaɗa. Na huɗun ne kaɗai ya huda fistin.

"Karatun da kike ji ina ba yaran birni, duk na Kabiru ne. Shi ya yi ta faɗa mini ina cewa fulogi fulogi ne."

Wallahi ban san lokacin da na kifar da faifan wake ba. Na ce, "Yaya! Shekara goma sha ɗaya! Kai wane irin mutum ne? Ka hana ni markaɗe, ka zaɓar wa 'yata miji, ka karanta wa duk gari laifinsu, ashe naka yana aljihu? Jikokinka sun girma ba su san fuskarka ba saboda ɗan ƙarfen nan?"

Ya ce, "A gaban mutane na kore shi, Ladi. Kullum sai in ce gobe zan kira. In na ɗauki waya sai bakina ya ƙi."

Na kwance bakin zani na ɗauko wayata. Yana ce mini kada ki, kada ki, ni kuwa na riga na danna. Kabiru ya ɗauka da firgici, don ba sallah ba ce. "Gwaggo, lafiya?" Na buɗe muryar wayar na ajiye ta a tafin Yaya, kusa da fulogin. Babu sallama, babu ina kwana. Sai Yaya ya yi gyaran murya.

"Kabiru. Baƙar motar nan. Wane fulogi za a sa mata?"

Ku da kuka san shi kun san nauyin wannan tambaya. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa tambayar wani mahaluki komai a kan inji ba. Ta can ɓangaren na ji an ja numfashi, na ji ana jan hanci.

"Baba, tana nan?"

"Tana nan. Ramukan a toshe suke."

"Kada ka sa komai. Zan nemo su in kawo da kaina. Ran Asabar in sha Allah."

"Duk shida iri ɗaya."

"Iri ɗaya, Baba."

Yaya ya ce, "Wannan karon ba zan taɓa ba."

Daga ranar gidan ya tashi. Ya sa na share rumfa har sau biyu, ya sa aka kira wanzami, ya ce in yi wa kajina kashedi. Ya tambaye ni sunayen 'ya'yan Kabiru, yana maimaitawa kamar ɗan makaranta kada ya manta. Ran Laraba ya miƙo mini fulogin ya ce, "Riƙe mini, hannuna ya gaji." Ran Alhamis da hantsi na kawo masa kunu a rumfa, na tarar ya jingina da tayar Amarya, hannayensa duka biyu a waje, a kan cinya. Na yi ta magana ni kaɗai, ina faɗan ya bar kunu zai huce, kafin na gane rai ya yi halinsa.

Kabiru ya kamo hanya a ranar, amma Fatakwal ba nan kusa ba ce. Ya iso Juma'a da yamma, an riga an kai Yaya. Ya shigo, ga furfura a gemunsa, ga tafiyar ubansa. Bayan an yi addu'ar uku, mutane sun ragu, na kai shi rumfa na damƙa masa abin. Ya juya shi, ya duba lambar, ya dubi bakin. Ban buɗe baki ba ya ce, "Gwaggo, wannan ba cikin nawa yake ba. Na gwangwanin Baba ne." Na ce karanta dai, ubanka ya ce kai ka koya masa. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hula. Na ba shi labarin duka, ban rage wa Yaya komai ba.

Washegari ya yaye tampol, ya zuba sabon mai, ya sa sabon batir, ya cire tsummokaran nan shida, ya ɗaura fulogansa ɗaya bayan ɗaya. Da ya murɗa makulli Amarya ta yi tari sau biyu, sannan ta yi wani ruri da sai da kajina suka haura katanga. Duk gari aka fito. Ya hau titin Ɗambatta, muna jin ƙararta har ta ɓace, can ta dawo. Ya kashe, ya zauna ya jira ta huce, ba wanda ya ce masa ya jira. Sannan ya kwance na huɗu, ya ɗaga shi a hasken rana, ya juya da sauri wajen da tabarmar Yaya take zama, hannunsa a miƙe. Ya tsaya a haka. Sai ya juyo ya miƙo mini.

Kalar soyayyar gyaɗa ce.

Kabiru ya yi sati ya koma wajen iyalinsa, ya tafi da Amarya. Da zai shiga mota da hannun dama ya ɗaga mini, na hagun yana cikin aljihu. Yanzu rumfar nan fayau take, kaji ma sun daina kwana a ciki. Tuwo nakan tuƙa na mutum biyu har yau, sai na zo kwashewa in tuna. Injin markaɗena kuwa ya fara tari na gaske, kowa yana ji. Nakan bar shi ya ɗan yi ta yi, kunnena yana kan katanga.

Allah ka ga taurin kan Yaya Sale, ka kuma ga abin da ya ɗauka a aljihu shekara goma sha ɗaya. Ka yafe masa, ka sanyaya masa makwanci, ka haskaka kabarinsa. Tabarmar da ban gan su a kai ba a duniya, ka shimfiɗa musu ita a aljanna, shi da Kabiru, ni ma a ba ni gefe. Amin.